Ƙodar da Ba a Sace Mini Ba

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu, kuma ina roƙon a sakaya sunana. A lokacin da abin nan ya faru ni mahauci ne a Garwa, ga ƙarfi, ga baki wanda ya fi ƙarfin yawa. Fawa gadonmu ce. Mu biyu da yayana muke riƙe da teburin da mahaifinmu ya bari a kasuwa, shi yana sayo dabba, ni ina kwata wajen yanka da fiɗa. Halina guda da kowa ya sani shi ne ban yarda da kowa ba. In Bafulatani ya rantse mini cewa saniyarsa lafiya lau take, sai na buɗe bakinta, na ja fatar idonta, na zagaya ta sau biyu, sannan in ce masa ban gamsu ba. A kasuwa wannan hali ya sha fisshe ni, ni kuwa sai na ɗauka ko'ina ma haka ake zama da mutane.

Shekarun ɗaukar nama suka bar mana ƙaba, wato zazzagowar hanji a mara, mu duka biyun, tawa a dama, tasa a hagu, tasa kuma ta fi girma. Da muka je asibiti likita ya duba mu, ya ce aikin ƙarami ne muddin hanjin yana komawa ciki in an tura, amma ranar da ya maƙale magana ta canza. Yaya mutum ne da zai kayar da bijimi shi kaɗai, amma in ya ga allura sai gumi ya karyo masa. Muka yi shawara a gindin darbejiyar bakin asibitin cewa ni zan fara. In ya ga na tashi garau, bayan wata biyu shi ma ya kwanta. Ya kama hannuna ya ce ni ne idonsa, abin da na gani shi zai bi.

Ranar aikin allura suka yi mini a baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu, amma idona biyu. Suka kare mini gani da wani ƙyalle, suna aiki suna hira da Faransanci, wanda ban da gaisuwa da ƙirga ba abin da na sani a ciki. Har dariya na ji sun yi sau ɗaya. Nan zargi ya fara. Me ake wa dariya a kan cikin mutum a buɗe? Da aka gama na ce a nuna mini abin da aka ciro. Wata ma'aikaciyar jinya ta bayyana mini da Fulatanci cewa ba a ciri komai ba, hanjin aka mayar, aka shimfiɗa wata 'yar raga a ciki don ta toshe gurbin, aka ɗinke. Ni da na shekara ashirin ina farka ciki, ban taɓa ganin an buɗe an rufe ba a fitar da komai ba. Na ƙulla abin a raina.

Kwana uku aka sallame ni. Likita ya ja mini kunne ta bakin wannan ma'aikaciya: kada in ɗaga abin da ya fi buta nauyi har mako shida, kada a sa wa ciwon komai, in kuma na ga kumburi ko zazzaɓi in dawo ba tare da jiran ranar da aka rubuta mini ba. Gaskiya kuwa ciwon yana warkewa da kyau. A rana ta tara zaman gida ya ishe ni, na ce wa maiɗakina zan je kwata in gaisa kawai. Na tarar ana fama da cinyar wani ƙaton sa, mutum biyu sun kasa rataye ta a ƙugiya. Wani abokin wasana ya ce a matsa wa mai jego ya wuce, kada jini ya fallatsar masa. Aka kwashe da dariya. Ban san lokacin da na tuɓe riga na sungumi cinyar nan na rataye ta ba. Aka yi mini kirari, ni kuwa a daidai lokacin na ji wani abu ya tsinke a marata kamar zare. Yaya ba ya nan, ya tafi kasuwar shanu, kuma ba wanda ya ga abin ya kai a ba shi labari.

Kafin kwana biyu wurin ya kumbura ya yi zafi. Maimakon in koma asibiti sai na ce ai dama na faɗa, akwai abin da suka yi mini. Na aika aka kira wanzaminmu, ya tsattsaga gefen ɗinkin ya kafa ƙaho, ya barbaɗa wani gari. Bayan kwana huɗu mugunya ta ɓalle, da warin da ni kaina na sani, domin in na ji shi a jikin nama zubarwa nake yi. Zazzaɓi ya rufe ni, maiɗakina da Yaya suka ɗauke ni sai asibiti. A gaban Yaya likitan ya tambaye ni ko na ɗaga wani abu mai nauyi. Na rantse ban ɗaga ba. Ya kalli tsagar wanzami, ya kalle ni. Aka sake buɗe wurin, aka cire ragar domin ta ruɓe da ciwon, aka yi ta wanki. Mako uku na yi a kwance. Likitan har ya ce ko wanda ya kiyaye doka wani lokaci ciwonsa kan yi ruwa, abin da ake so shi ne a dawo da wuri. Ni kuwa na fassara maganar da cewa yana wanke kansa ne.

Da na fito, kunyar faɗin gaskiya ta sa na ɗora wa likita komai. A majalisa, a kwata, a bakin masallaci, labarina ɗaya ne: sun yi dariya, sun hana ni ganin abin da suka ciro, sun sake buɗe ni. Wani ya ce to ko ƙoda suka ɗauke, ai ana yi. Edita, a nan ne laifina ya fi girma. Ba wanda ya fi ni sanin inda ƙoda take. Kullum da hannuna nake ɓanɓaro ta daga jikin gadon baya, cikin kitsenta, kuma na san ba yadda za a yi ta fito ta wannan 'yar tsagar ta mara. Amma maganar ta yi mini daɗi, domin ta mayar da ni wanda aka cuta. Na girgiza kai na ce Allah dai ya isa. Magana zarar bunu, kafin mako ya zagayo duk layin mahauta an san an sace mini ƙoda. Yaya ya yaga takardarsa ta asibiti, ya koma ɗaure mararsa da rawani.

Wata bakwai bayan haka, wata safiya muna tsaye a teburi, ƙabarsa ta fito ta ƙi komawa. Ya tura, ya kwanta ya ɗaga ƙafa, ina! Kafin la'asar ya fara amai, ciki ya kumbura, ba bayan gida ba iska. Na tuna abin da likita ya faɗa ranar farko, na ce mu tafi asibiti. Ya ce ni da bakina nake faɗin haka? Washegari da na ga idonsa ya faɗa, na durƙusa a gabansa na gaya masa komai, cinyar nan da na ɗaga, da abin da ya tsinke, da rantsuwar ƙarya. Na ce ƙodata biyu suna nan. Ya dube ni ya yi murmushin wahala, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya san don in lallashe shi na ƙago wannan labari, amma shi gara ya koma ga Ubangijinsa da kayan cikinsa cikakku. Na yi ta rantsuwa, bai yarda ba. Wata bakwai ina koya masa ƙarya, yini ɗaya bai ishe ni in kwance ta ba.

Sai a rana ta uku, da ya daina gane mutane, muka ɗauke shi. Likitan nan dai da na ɓata wa suna shi ya shiga da shi. Da ya fito ya kira ni ya nuna mini guntun hanjin da ya yanke, baƙi ƙirin, ya ce da an zo ranar farko da bai mutu ba. Ban buƙaci tafinta ba, na san mataccen hanji in na gan shi. Dafin ya riga ya shiga jini. Yaya ya kwana biyu ya cika, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar.

Yau ni nake riƙe da gidansa, kuma na faɗa wa matarsa gaskiya. Ta ce ta bar ni da Allah, ban kuma ga laifinta ba. Abin da na koya shi ne, zargi ba wayo ba ne, wani lokaci mafaka ce ta wanda ba ya son a ga nasa kuskuren. Ban ce likitoci ba sa kuskure ba, suna yi, in ka ga abin da ba ka gane ba ka tambaya har ka gane. Amma in an yi maka aiki ka kiyaye abin da aka ce, in ka karya doka ka faɗa, in ciwo ya canza ka koma da wuri. Kuma don Allah, kafin ka zauna a majalisa kana ba da labarin asibiti, ka duba waye yake sauraronka. Wataƙila akwai mai irin ciwonka a wurin, wanda ya yarda da kai fiye da yadda ya yarda da likita. Nawa mai sauraron uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma ni na sa shi a kabari da hannuna.