Ragon da Anka Yanka wa Inna

A Ƙofar Marke anka haife ni, cikin gidan wata tsohuwa mai saƙa da sayar da zare, wadda muke kira Iya. Innata baiwarta ce. Daga kudu anka kawo ta tana ƙarama, da tsage uku-uku a kumatu waɗanda ba na mutanen garin nan ba. Ni kuwa Iya ta 'yanta ni ranar ɗaurin aurena, gaban maza cike da zaure, don haka 'yancina bai taɓa zama abin gardama ba.

Ina da ƙawa, ɗiyar maƙwabta, katanga guda ta raba mu, aure ma bai ɗauke ɗayanmu daga nan ba. Tare munka koyi kaɗi, mazari guda muke karɓa-karɓa. Bakinta da kaifi. In na zubar da alli sai ta ce hannun bayi ba ya riƙe abu. In na yi kitso ya yi kyau sai ta ce ashe jinin kudu ma yana ado. Tana faɗi tana dariya, ni ma in yi dariya. Inna ba ta dariya. Wata rana tana tankaɗe ta ce mini in riƙa duban idon yarinyar nan sa'ad da take magana, in bar duban haƙoranta. Na ce wasa ne, Inna, wadda ta ƙi ka ba ta cin tuwo kwano guda da kai. Inna ta ci gaba da tankaɗenta.

Shekara guda kafin Nasara su shigo, Iya ta kwanta ciwo, ta ce ba ta son ta gamu da Ubangiji da igiyar kowa a hannunta. A wancan zamani in za a 'yanta bawa, suna ake yi masa kamar jariri. Anka kira malamin unguwa ya zauna a zaure, Iya ta faɗi kalmar 'yanta Inna daga kan gadonta, anka yanka rago, anka raɗa wa Inna sabon suna. Ƙawata tana bakin gadon. Ita ta ɗauki ƙwaryar nama ta bi gida-gida tana rabo, ita ta fara kiran Inna da sabon sunan, har da guɗa. Hantar ma tare munka gasa ta munka ci.

Iya ta warke, ta ƙara shekara huɗu. Cikin shekarun nan gari ya birkice. Malamin ya bi masu hijira gabas, bai dawo ba. Matan da sunka ga yankan ragon, wasu sun mutu, wasu sun watse ƙauyuka. Inna ta zauna nan gidan don ba ta san wani ba, tana taya Iya shiɓar auduga.

Da Iya ta rasu, 'ya'yan ƙanenta sunka zo daga ƙauye rabon gado. Sunka jera tukwane da masaƙa da tabarmi, sunka sa Inna cikin jeri. Nasara sun hana sayar da mutum, amma ba su hana gadonsa ba. Babbansu ba azzalumi ba ne. Ya ce in an samu mutum guda, ba bawa ba kuma ba ɗiyarta ba, wanda ya ji kalmar daga bakin Iya, to su sun bar ta har abada. Wallahi sai da na yi murmushi. Na ce a ba ni minti kaɗan, shaida tana bayan katanga.

Da hantsi ne. Ƙawata ta shigo da lulluɓinta ta tsaya bayan asabari, anka tambaye ta. Ta ce:

“Nama dai na ci, ban san ko na mi ne ba. Mu dai baiwa munka san ta.”

Na jira dariyar. Ai kullum bayan irin wagga magana dariya ke biyowa. Na tsaya ina jira, kamar wawiya, har babban ya ce a naɗe tabarmi.

Na bi ta har tsakar gidansu. Na ce ƙawa, ke fa kika raba naman nan, ke kika yi guɗa. Ta zauna ta ɗauki mazarinta, ta lakato alli.

“Ƙawa, ni ban taɓa ɓoye miki ba,” in ji ta. “Kullum ina faɗa miki. Ke ce kike dariya.”

Mijina ya ce mu kai ƙara wurin alƙali, ko ma bariki. Inna ta hana. Ta ce ta gaji da tsayuwa gaban mutane ana tambayar ko ita ta wa ce. Washegari ta ɗaura ƙunshinta ta bi jakunansu zuwa fadama, inda suke noman shinkafa. Damina biyu ta yi. Da na je gaisuwar mutuwarta, da tsohon sunan na ji suna ambatonta.

Na zauna shekara talatin da wani abu katanga guda da matar nan. Muna gaisawa a suna da biki. Har ta mutu ba ta ga ta yi mini laifi ba. Ni kuwa har yau in anka jefo mini magana mai ɗaci anka bi ta da dariya, ba na iya taya mai ita. Jikokina suna cewa kaka ba ta san wasa ba. Na sani, na san shi ƙwarai. Ido nake dubawa.