Hannun Ɗantsoho Wanzami

Shekara talatin Ɗantsoho yana wanzanci a Daura, daga unguwannin wajen Kusugu har ƙauyukan Baure. In ya ɗora aska a kan jinjiri, yaron ko farkawa ba ya yi. Abu ɗaya ne damuwarsa: duk bayan shekara biyu ko uku sai kansa ya tashi. Ya daina barci, ya yi ta surutu kamar rediyo, ya raba wa mutane rigunansa a kasuwa. Tashin ƙarshe sai da ƙarti huɗu suka ɗaure shi.

A 1976, lokacin da kuɗin fetur suka cika gari da babura, ƙanensa ya kai shi wurin wani likita a Kaduna. Likitan ya ba shi wasu fararen ƙwayoyi, litiyam. Ya ce gishirin wani ƙarfe ne marar nauyi, wanda in an jefa shi a ruwa sai ya taso sama. Ya ce masa ya riƙa shan ruwa sosai, kada ya rage gishiri a miya, ya riƙa dawowa awon jini.

Magani ya yi aiki, ba ƙarya. Matarsa Talatu ta daina ɓoye wuƙaƙe. Sai dai mutumin da ya dawo mata shiru-shiru ne, a yi dariya ya duba, a yi rasuwa ya duba. Ga ƙishirwa, ga rawar hannu, 'yar kaɗan, wadda manomi ba zai kula da ita ba. Wanzami fa? Manya suka fara zamewa wurin Sada, abokin sana'arsa, wai kawai don ya fi kusa.

Da 'yarsa Haulatu ta haifi ɗan fari, ran suna aka miƙo masa jaririn, don ba a tsallake kaka wanzami a kira bare. Ya jiƙa gashin, ya ɗauko aska. Bakinta na kaɗawa daidai maɗigar yaron. 

Daga bakin ƙofar ɗaki Haulatu ta ce, "Baba, don Allah... a bar wa Baba Sada."

Ya ce, "To."

Ya miƙa wa Sada askar ta wajen ƙota, ya matsa gefen tabarma. Talatu ta juya baya tana kuka. Shi kuwa ya laluba ransa, yana neman baƙin cikin da ya san ya kamata ya ji, bai taras da komai ba. Ya zauna yana kallon gashin jikansa na zuba a hannun wani.