Kilo Goma da Gidan Gaba

Abin da na ɗauka zuwa Abijan a waccan tafiya ba shi da wuyar ƙirgawa. Turmin shadda goma sha shida, rinin da na zaɓa da idona. Shekara goma sha huɗu da na yi ina hidima a rumfar Alhaji, maigidana, a Zongon Kwatano. Sai kalma ɗaya da nake jira daga bakinsa: ya zauna gaban fatoman kasuwar Ajame ya ce, "Wannan yarona ne, na tsaya masa." Fatoman nan shi ke riƙe da manyan masu sayen shadda a can, kuma ba ya haɗa baƙo da kowa sai wani babba ya tsaya masa. Turamen ba su dame ni ba, ko sun salwanta zan sami wasu. Kalmar ce babu inda ake sayar da ita.

Shekarun da aka sauya tutar ƙasa ne, jam'iyyu suka yi yawa har mai shayin bakin masallaci ma yana da tasa. Bakin kowa ya buɗe, taro da biki sun ƙaru, duk wanda ke son a zaɓe shi yana neman babbar riga. Na riga na buɗe 'yar rumfata da izinin Alhaji, amma kullum azahar a akushinsa nake ci. Shi ke fara sa hannu, shi ke turo wa kowa nama da ɗan yatsa. Wanda bai taɓa zama a bakin akushin nan ba, ba zai san abin da ake nufi da yaron wane a Zongo ba.

Da, a mota muke zuwa ko'ina. Alhaji a gidan gaba kusa da direba, ni a baya kan kaya, rana da ruwa duk a kaina. Ba wanda ya taɓa faɗa mini cewa haka tsarin yake, kamar yadda ba wanda ya ce mini in cire takalmi a ƙofar masallaci. Amma a wannan karon gwiwoyinsa sun ƙi, ga iyaka uku, ga 'yan duwan, wato kwastan, a kowace. Ya ce jirgi za mu hau. Ɗansa ya sayo masa biye, wato tikitin jirgi, ni kuma aka ce in je in sayi nawa.

A ofishin masu sayar da biye na tambayi kilo nawa ake yarda mutum ya ɗauka. Suka ce ashirin. Na riga na auna kayana a ma'aunin mai albasa, ashirin da tara ne. Sai ma'aikacin ya ce akwai ajin gaba, na 'yan kasuwa, shi kilo talatin ne. Na sa ya gwada mini biyun a takarda, na ga abin da zan ƙara a kan biye bai kai abin da za a caje ni na rarar kaya ba. Na biya, na fito ina jin daɗin wayona. A kaina kuɗin kaya na biya. Wallahi ko sau ɗaya kujera ba ta faɗo mini a rai ba, shi ya sa ban ga abin da zan gaya wa Alhaji ba.

Ranar tafiya an kwana ana ruwa, gari ya waye da laka. Taubashina, ɗan kawuna da ke zaune a unguwar Zogbo, shi ya zo da tsohuwar motarsa. Alhaji ya shiga gaba, na shiga baya da jakata a kan cinya. Wasu motoci biyu suka biyo mu cike da 'yan rakiya, domin a Zongo ba a barin matafiyi ya tafi tasha shi kaɗai, filin jirgi kuwa tasha muka ɗauke shi. Liman ya yi addu'a a ƙofar gida, muka shafa. Tafiyar ba nisa, sai dai 'yan zem, wato 'yan acaɓa masu rawayar riga, sun cika titi, suna kauce wa ramuka suna watsa wa juna ruwa. Taubashina yana tuƙi yana zaginsu da Faransanci, Alhaji yana jan carbi.

A filin jirgi muka shiga layi gaba ɗaya, Alhaji a gabana, 'yan rakiya sun tsaya daga gefe suna kallo. Wata ma'aikaciya tana bin layi tana duba biyen mutane. Da ta ga nawa sai ta yi murmushi, ta nuna mini wani tebur can gefe da aka shimfiɗa wa darduma, ba kowa a gabansa. Na ce mata a nan ma ya yi. Ta ce a'a, nawa can ne, ta kira wani ya ɗauki jakata. Duk wannan da ƙarfi, a gaban mutane.

Taubashina ya tafa hannu. "Kai! Depute! Ɗan majalisa! Wace jam'iyya ta tsayar da kai ba mu ji ba?"

"Rufe mini baki, kuɗin kaya ne."

"Kuɗin kaya ake shimfiɗa wa darduma? Jama'a ku matsa, minista zai wuce. Ranka ya daɗe, in ka hau kada ka manta da mu, ko masinja ne ina so."

Mutane suka fashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma na ga wasu dattawa biyu ba su yi ba, Alhaji suke kallo. Shi kuwa bai juyo ba. Ya dai ce, "Je ka, ana kiranka."

An gama da ni cikin minti biyu. Alhaji ya yi kusan rabin awa a tsaye da gwiwoyin nan, ni ina gefensa riƙe da 'yar jakarsa, ba ni cikin layi, ba ni waje. An ba ni wani kati na shiga ɗakin hutun manya, na cusa shi a aljihu, na bi Alhaji zauren kowa da kowa. Da muka zauna na yi masa bayanin kilo tun daga farko.

Ya ce, "Nawa ya hau?"

"Ashirin da tara, Alhaji."

"Ka auna daidai."

Na ce, "Alhaji, kujerar taka ce. Ni zan zauna a baya, zan gaya musu."

"Sunan wa ke jikin takardar?"

"Nawa."

"To." Ya mayar da carbi ɗaya hannun. "Kujerar da aka tuna da ni a kanta bayan mutane sun gama dariya, ba na zama a kanta, ɗana. Wanda ya saya ya zauna."

Bai faɗa da fushi ba. Da ya yi fushi da na san abin yi, na sha durƙusa masa a kan abin da ya fi wannan.

A cikin jirgi kujerata tana layi na biyu, mai faɗi kamar ta ɗakin baƙin gwamna. Dole duk mai zuwa baya ya wuce ta gabana. Da na hango farin rawaninsa a bakin ƙofa sai na miƙe tsaye, ma'aikaciyar jirgi ta ce in zauna, na tare hanya. Na zauna. Alhaji ya wuce ni, gefen rigarsa ya goge kafaɗata. Bayansa wasu mata biyu 'yan unguwarmu masu fataucin turare suka wuce, ɗaya ta ce, "Sannu da hutawa, Alhaji ƙarami." Aka ja labule.

Ba zan ce wurin ba daɗi ba, ƙarya ba ta da amfani. An kawo ɗan tawul mai ɗumi, an kawo lemo a kofin gilashi tun kafin mu tashi. Na kusa da ni wani mai kwat ne, ya buɗe jarida yana karanta rigimar majalisa, bai ko dube ni ba. Da jirgi ya ɗaga na leƙa taga, na ga Kwatano kwance tsakanin teku da tafki, rufin kwanon unguwar Ladji kamar an jera su a cikin ruwa. Na nemi Zongo ban gane ta ba. Unguwar da na ɗauka ita ce duniya, daga sama ba ta kai tafin hannu ba.

Muna bin gaɓar teku ne lissafin ya zo mini, shi kaɗai, ba tare da na neme shi ba. Da na karɓi biyen Alhaji na je na ƙara kuɗin a kansa, da kilo talatin ɗin sun hau sunansa. Kayan su tafi a matsayin nasa, shi ya zauna nan, ni in zauna baya da 'yar jakata. Kuɗin ɗaya ne, ko dala ba za ta ƙaru ba. Da a ranar 'yan rakiya sun koma Zongo suna cewa wane ya sa maigidansa a gidan gaban jirgi. Ni da ake yabo da iya lissafi, na auna shadda har sau biyu, ban auna wannan ba.

Sai aka kawo abinci. Faranti na tangaran, kaza da shinkafa, ga burodi mai ɗumi, ga cokali mai nauyi. Na dube shi na kasa ci. Na kira ma'aikaciyar na ce ta kai wa wani dattijo mai farin rawani a baya. Ta ɗauka. Ina ganin na yi abin kirki ne.

Ba a jima ba ta dawo da shi yadda yake. Ta ce, "Ya gode. Ya ce kai ka ci."

A nan na gane na ƙara ɓata abin. A wurinmu abinci daga akushin babba yake gangarowa zuwa ƙarami. Yaro yana iya sayo wa maigidansa rago sukutum ya kai masa gida, wannan girmamawa ce. Amma a ajiye maka faranti a gabanka, ka ce a miƙa wa maigidanka ta hannun baƙuwa, a gaban matan unguwa, wannan ragowa ka aika masa. Na ci burodin kawai. Awa ɗaya da 'yan mintoci ce tafiyar, amma na fi jin tsawonta a kan kwana biyun da nake yi bisa kaya.

A Abijan jakata ce ta fara fitowa, an ɗaura mata wata alama. Na tsaya har tasa ta zo, na ɗauki duka biyun. A bakin tasi na buɗe masa ƙofar gaba kamar kullum. Ya zagaya ya buɗe ta baya da kansa, ya ce, "Shiga gaba, ka fi ni jin Faransanci."

Washegari da hantsi muka zauna a zauren fatoma. Tsoho ne siriri, abokin Alhaji tun suna samari. Suka daɗe suna gaisawa, suna tambayar waɗanda suka rasu. Na kwance turamen, fatoma ya murza ɗaya a yatsa, ya ɗaga wani a haske, ya gyaɗa kai. Sannan ya dubi Alhaji, ya ce, "Yaronka ne?"

Alhaji ya ce, "Shekara goma sha huɗu yana hannuna, ko ƙyalle bai taɓa ɓatar mini ba. Ya san kaya, ba ya ƙarya a ciniki. Amma ban kawo maka yaro ba. Ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, ka yi da shi yadda idonka ya ga dama."

Fatoma ya dube ni, ya sake duban Alhaji. Da azahar aka kawo akushi ɗaya babba. Na matso na ɗauki buta zan zuba wa Alhaji ruwa, sai ya ce wa fatoma, "Sa a kawo masa nasa kwanon. Baƙonka ne shi ma."

Na ci ni kaɗai a gefen tabarma. An sa mini nama da yawa.

Fatoma ya ɗauki turmi huɗu na gwaji, ya ce in sun shiga za mu yi magana. Sauran goma sha biyun na bi rumfa rumfa da su a ka har kwana tara, na sayar da wasu ƙasa da yadda na so. Alhaji ya riga ni komawa. Kafin in iso, labarin faranti ya gama Zongo, taubashina kuwa har yau Depute yake kirana.

Na sha tambayar kaina ko kora ce Alhaji ya yi mini ko yaye. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba. Muka ci gaba da gaisawa, ina zuwa masa sallah, da ya kwanta ciwo ina cikin masu zama a wurinsa. Amma in azahar ta same ni a rumfarsa, sai ya ce a kawo wa baƙo kujera da kwano.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na sami kilo goma a kan farashi mai sauƙi. Ƙofar Ajame ta buɗe mini, amma sai da na yi shekara biyu ina ƙwanƙwasawa, abin da kalma ɗaya za ta yi mini kafin la'asar. Da ta buɗe, da sunana ta buɗe, ba da na kowa ba, wannan riba ce kuma ban raina ta ba. Abin da na rasa shi ne wurina a bakin akushi, da naman da ake turo mini da ɗan yatsa. Na yi shekaru ina juya wannan ciniki, har yau ban ga ya ɓulle ba.