Geron Kawu Ilu da Farin Wata

Duk wanda ya san Kawu Ilu a Sandamu ya san ba ya girbe geronsa sai watan kaka ya cika fal. Da an idar da isha'i zai fito ƙofar gida, ya ɗaga kai ya harari watan, ya ce, "Har yanzu da saura. Malalaci!" A cewarsa, geron da aka yanka a farin wata ƙwari ba su taɓa shi a rumbu.

Liman ya taɓa tare shi ya ce, "Malam Ilu, wannan fa camfi ne."

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, azumi da Sallah wa kuke jira? Ku in kun jira wata ibada, ni in na jira camfi?" Liman ya gyara rawani ya wuce.

Shekarar da aka kafa fitilar sola a unguwarmu, an wayi gari an ga kanta a rufe da buhu. Da mai unguwa ya tambaya, Kawu bai ko musa ba. "Ni ne. Tana raina na gaba da ita."

Ni kuwa ɗan ƙanwarsa, da ba na iya haɗa ido da shi, na taɓa nuna masa ranar cikar watan a waya. Ya juya wayar ya duba bayanta. "Kai ɗan boko, ita wannan ina gonarta?"

Matsalar ita ce, kafin watan ya cika kowa ya gama ɗaure dammunansa, sai gonar Kawu kaɗai a tsaye. Tsuntsayen Daura da na Mashi duk su hallara a kanta. Matarsa, Inna Hajara, ta yi ta salati: "Malam, jan-baki na cinye mana abincin shekara!"

"Bar su, ai ƙwari dai ba za su ci ba."

"Ina za su ci, an riga su!"

Bara Kawu ya rasu gero na tsaye, wata bai kai rabi ba. Bayan sadakar uku muka ɗauko magirbi. Inna Hajara, wadda ta shekara da shekaru tana faɗa a kan jiran nan, ta tsaya a bakin zaure.

"Ku ajiye. Da saura."

Muka jira. Ranar da watan ya cika muka yanke abin da tsuntsaye suka rage.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa fiye da hasken daren nan.