Likkafanin Kaka Delu a Igiyar Shanya

A unguwar Tayuri ta garin Sabha na girma, a shekarun da ƙofar Libiya take buɗe ga duk baƙar fata, mutanenmu na Damagaram suna ta kwararowa Sabha aikin gini. Sanyin garin nan ba ya raga wa kowa, don haka bayan magariba mukan kewaye kaskon garwashi a tsakar gida. Kaka Delu, mahaifiyar Babanmu, ba ta iya tatsuniya a zaune ba. Miƙewa take ta zama kura, ta zama sarauniya, mu jikoki ta raba mana sauran.

Shekarar da autanta, Baffa Sani, ya faɗo daga bene a wurin aiki aka binne shi a Sabha, gidan ya yi tsit. Kaka ta rame, tari ya kama ta. Manya suka koma yi mata magana ƙasa-ƙasa, aka ɓoye taɓaryarta, ba a ba ta komai sai kunu. Baba kuma ya yanke shawara ba tare da ya tambaye ta ba: za a sa ta a kamiyo, babbar motar kaya, ta ƙetare sahara, ta je ta cika a gida cikin dangi. Ni kam na ji haushinsa ƙwarai, don na san in ta tafi ba zan sake ganin ta ba.

Ana gab da tafiyar, sai ta buɗe akwati ta ɗauko likkafanin da ta daɗe tana ajiya cikin turare, ta rataye shi a igiyar shanya ya zama labule. Mahaifiyarmu ta dafe ƙirji tana salati.

"Kayana ne," in ji Kaka. "Kafin ya rufe ni, ya fara yi mini aiki. Ga ta nan, ga ta nanku, yau ma tatsuniyar da ƙafarta za ta zo muku."

Labarin wata tsohuwa ne da 'ya'yanta suka fara makokinta tun tana numfashi. Suka ɗora ta a jaki za su kai wa Mutuwa har gida, wai don su rage mata wahala. Ƙanena ne jakin. Ni ce Mutuwa, an shafa mini toka a fuska, ina bayan labule. Da suka yi sallama na fito na faɗi abin da ta koya mini: "Wa ya aike ku? Kun taɓa jin na ɓata hanya? Ku mayar da ita, na san gidan."

Kaka ta sauka daga jakinta ta juya wajen Baba, wanda ke tsaye bakin ƙofa da siminti a hannu.

"Inna, don ki huta ne," ya ce.

Ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa. "Kai wannan, hutun da ba a tambaye ni ba, ba na so. Sani yana kwance shi kaɗai cikin baƙi, ni za a kai wani wuri? A ba ni taɓaryata."

Baba ya durƙusa ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Kamiyo ya tafi ba ita. Ta ƙara shekaru tana daka tana yi mana faɗa, sannan aka kwantar da ita kusa da ɗanta cikin wannan ƙyallen, da ɗan hujin da tartsatsin wuta ya yi masa ranar wasanmu.

Da ina yarinya na ɗauka Mutuwa Kaka take yi wa tsiwa. Ashe da mu take, masu binne mutum da tausayi tun yana raye. Yanzu Baba ya tsufa, idanunsa sun dushe, yana gidana a unguwar Hajara, nan Sabha. Kwanan baya ƙannena suka kira daga Damagaram kan maganar mayar da shi, sai na ji kaina ina rage murya alhali yana gefena. Kunya ta kama ni. Na sa masa wayar a hannu na ce, "Baba, maganarka ake yi."

Ya saurare su har suka gama, ya gyara zama. "Ina nan inda uwata take. Mutuwa ta san gidan."