Bangon da Baba Ya Karkatar

Jama'a, saura ƙiris yau in rushe aikin hannun mahaifina!

Na sayo wa Hajiyarmu bahon wanka, saboda gwiwa ta hana ta tsuguno. Malam Idi mai gyaran famfo ya zo daga Chinade zai kafa shi a banɗakinta. Baho ya ƙi mannewa da bango! Ta wajen kai ya zauna daram, ta ƙafa kuwa ratar har hannuna ke shiga.

Malam Idi ya ce, "Bangon nan a karkace yake. Maginin bai san aiki ba. Sai an fasa."

Na ce ya fasa. Ya ɗaga guduma ke nan, Hajiya ta leƙo da sandarta.

"Kul! Marigayi babanku ne ya gina shi da hannunsa. Da gangan ya karkatar da shi, don kada mai kama ruwa ya fuskanci alƙibla."

Na duba alƙibla a wayata. Wallahi haka ne! Hajiya ta ce da inuwar sanda Baba ya auna.

Malam Idi ya ajiye guduma. "Allah ya jiƙan Alhaji. Na janye maganata."

Da siminti da gutsattsarin tayil ya cike ratar. Ni ko ruwa na kasa miƙa masa, hawaye kawai nake.