Kujerun Waɗanda Ba Sa Nan

Wata Lahadi a tsakiyar damina, shekarar da nake aji uku na firamare, Innata Ladi ta riƙe hannuna muka shiga majami'ar garin da muka koma a ƙasar Gwaram. Babana bai daɗe da rasuwa ba. Daga wata 'yar unguwa ta wajen Surko muka taso, muka kama ɗaki a gidan Malam Hadi manomi, kuma duk abin da Inna take nema shi ne jama'ar da za ta kira tata. Ɗakin sujadar dogo ne, rufin kwano, bencuna jere har gaban bagade, amma mutanen ciki ba su cika rabinsa ba. Inna ta ga fili a benci na biyu ta nufa. Kafin ta kai ƙasa, wani dattijo siriri da ake kira Baba Ayuba ya taɓa kafaɗarta a hankali, ya ce, "Yi haƙuri 'yata, nan wurin Mama Rifkatu ne." Muka matsa baya, aka ce wurin Malam Bitrus ne. Muka sake matsawa, nan ma da mai shi. Har aka tashi sujada ina leƙen ƙofa, ina jiran masu wuraren su shigo. Babu wanda ya shigo.

Sai daga baya yaran makarantar Lahadi suka faɗa mini a wajen wasan carafke cewa Mama Rifkatu ta rasu tun kafin a haife ni. Malam Bitrus kuwa ma'aikacin gona ne da aka mayar garinsu can Filato, ko saƙon gaisuwa bai taɓa aikowa ba. Al'adar wurin ita ce duk wanda ya sa hannu a ginin majami'ar yana da mazauninsa, ko ya mutu ko ya ƙaura. A kowane mazauni an bar wani abu nasa: mafici, tsohon kallabi, littafin waƙa da gara ta ci gefensa, har da sandar wani tsoho a jingine. Ran Asabar mu yara ne masu share su, mu goge ƙura mu mayar da kowane abu daidai yadda muka same shi. Na tsani aikin nan. Ɗakin shiru, sai ƙarar kwano idan rana ta buga, da warin jemagu. Idan iska ta shigo ta taga, maficin Mama Rifkatu yakan motsa kaɗan a kan benci, mu kuwa mu zubar da tsintsiya mu zuba a guje.

Inna ta fara zuwa da 'yar tabarmarta, ta shimfiɗa a bakin ƙofa inda ake ajiye takalma. Nan muke zama, feshin ruwa na dukan bayanmu, ga bencuna a gabanmu wayam. Abin da ya fi sa tsigar jikina tashi shi ne lokacin addu'a. Baba Ayuba yakan bi layi yana kiran sunayen masu wuraren ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan dakatawa bayan kowane suna kamar mai jiran a amsa. Sunan Inna bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. Kuma wallahi ba mugu ba ne. Da mugu ne ma da abin ya zo mini da sauƙi. Yakan ce, "Waɗannan su suka ɗauki tubali a ka, ba za mu manta da su ba." Haka wani matashi mai gyaran keke ya zo ya tsaya a tsaye Lahadi biyu bai ƙara dawowa ba, haka wata malamar asibiti da 'ya'yanta.

A gida kuwa rayuwa na tafiya. Muna taya matar Malam Hadi cirar gyaɗa da kaɗa riɗi, ina kai wa awaki harawa, da yamma mu yi 'yar gala-gala a gindin rumbu. Duk sanda Inna ta leƙa sashensu, sai matar ta jawo kujera tana cewa, "Zauna mana, Ladi, kya tsaya kamar baƙuwa?" Na lura Inna takan yi jim kafin ta zauna. Bayan kaka ta sake zagayowa, wata Lahadi ta yi wanka ta ɗaura zanenta mai kyau, ta ɗauki tabarma, sai ta shimfiɗa ta a gindin darbejiyar tsakar gida. A nan muka riƙa rera waƙoƙinmu mu biyu har na girma na bar garin. Babu wanda ya biyo sawu ya tambayi dalili.

Bara na koma, shekaru bayan rasuwar Inna. Majami'ar na nan, an ma yi mata fenti. Tsofaffi ne 'yan kaɗan a ciki, babu kukan jariri ko ɗaya, amma bencuna fes, kowanne da kayansa. Baba Ayuba ya tsufa tukuf, idonsa ya yi hazo, bai gane ni ba. Ban ko gwada benci ba, na nufi bakin ƙofa. Sai na ga wata 'yar tabarma a naɗe, an jingine ta da bango an goge mata ƙura. Na durƙusa zan zauna, na ji hannu a kafaɗata.

"Yi haƙuri 'yata," in ji shi, "nan wurin Mama Ladi ne."

A tsaye na yi sujadar ranar, ina jin kewar inuwar darbejiya. Inna ta samu wuri a ƙarshe, bayan ta daina bukatarsa.